Madubin Madam ya daɗe da mutuwa

Salamu alaikum mai kula da shafi, da duk wanda idonsa ya faɗo kan wannan rubutu. Ina yi muku barka da zafi, Allah ya sa ruwa ya sauka a wajenku. Roƙona biyu ne: a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagi dai na riga na yi wa kaina wanda ya ishe ni. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don akwai ran yaro a cikin maganar. Sunayen da zan ambata duk ba na gaskiya ba ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Bara na gama lekol, wato makarantar koyon jinya, a Damagaram, yanzu ina aiki a wata likita, wato ƙaramin asibiti, a nan Matameye, ɓangaren awon yara masu tamowa. Haifaffiyar Damagaram ce ni, aure ya kawo ni nan. Mijina yana Kano. Ci-rani ya tafi kamar sauran mazan garin, to da daminar bara ta ƙi, sai ranin nasa ya ƙi ƙarewa. Ina zaune da mahaifiyarsa, Inna, mace marar mugunta amma marar magana, wadda za ku wuni gida ɗaya ba ta ce miki komai ba bayan gaisuwar safe da "kin ci?". A unguwa sunana 'yar birni. Ba da faɗa ake faɗa ba, amma in na shiga gidan suna sai hira ta sauka ƙasa har in fita. Ban haihu ba tukuna, don haka ko hirar goyo ba ni da abin sa baki. Na faɗi wannan ne don ku san irin zaman da nake yi, ba don in wanke kaina ba.

Abin ya samo asali ne tun ina lekol. Wani malaminmu ya dawo daga ƙaro ilimi a waje da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai gilashi a gaba da ɗan tsinke da ake taɓa ta da shi. Ajanda muke ce mata. Ba waya ba ce, ba a kira da ita, amma tana ɗauke da littafin magunguna sukutum, tana lissafa maka adadin magani bisa kilon majinyaci, tana riƙe maka jadawalin darasi, ta kuma yi ƙara in lokacin canza ƙarin ruwa ya yi. Kafin ka ce kwabo 'ya'yan alhazan birni sun sayo nasu. Ni kuwa na tasa maigida gaba, kullum ya kira sai na sako maganar, har ya ce shi da ajandar nan bai san wanda na aura ba. Bawan Allah bai taɓa ganin ta ba, da kwatance ya yi ta bin shagunan masu kayan gwanjo. Wadda ya fara aiko mini kalkuleta ce mai murfi. Na yi kuka, ya yi dariya, ya koma nema. Ta gaskiyar ta iso a hannun direban taksi, a naɗe cikin safar ƙafarsa, a cuse cikin gwangwanin madara. Ta sha hannu, har da sunan wani Bature a karce a bayanta, amma ranar nan da ita na kwana a ƙarƙashin matashi.

Da yake daga Najeriya ta fito, Turancin Ingilishi take ji, ni kuma da Faransanci na yi karatu. Wata 'yar ajinmu ce ta haɗa ta da na'urar ofishin yayanta ta zuba mini littafin magunguna na Faransanci, sauran kuma na koya da lalube. Har ta taɓa kunyata ni a gaban aji, don mu da waƙafi muke raba kilo da guntunsa, ita kuma ɗigo ta sani, na sa mata waƙafi ta mai da jariri ƙaton namiji. Malam ya ce in tashi in nuna wa aji wannan jariri mai gemu. Tun daga ranar ban ƙara yarda da lissafinta ba sai na sake bi da kaina, kuma wannan ɗabi'a ita ta cece ni daga baya. Ba zan ci amanarta ba, ta taimake ni. Na ci jarrabawa da ita, na yi aikin gwaji a ɗakin yara da ita, lokacin da abokan karatuna ke laluben manyan littattafai ni tsinke kawai nake ɗagawa. Har ranar da maigida ya saba kira na sa mata, ta riƙa tuna mini. Ita ba ta taɓa mantawa ba, ko a makon da shi ya manta.

Na fara aiki a nan ba da daɗewa ba sojoji suka karɓi mulki. Mu dai abin da muka gani a ƙasa shi ne, kalmar yunwa da a da ake tsoron furtawa a ofis, sai ga ta a rediyo. Aka kawo kayan awo da ƙullin abincin gyaɗa na yara, aka kafa rumfa a tsakar likita, aka ce ni ce a kan sikeli. Aikin ba wuya a faɗa: a auna damtsen yaro da igiya mai launi, tsanwa ko rawaya ko ja, a ɗora shi a sikeli, a auna tsawo, a latsa ƙafa a ga ko akwai kumburi. Ni sai in zuba kilo da tsawo a ajanda ta nuna mini inda yaron ya faɗa. Da farko mata ba sa zuwa sosai, kuma duk 'yar ƙasar nan ta san dalili. Tamowa abin kunya ce. In aka ga ɗanki ya rame, gashi ya yi ja, sai a fara ƙus-ƙus cewa rurrutsa kika yi, wato ciki a kan goyo, ko ba ki kama kanki ba kina shayarwa. Mace ta gwammace ta lulluɓe yaro da zane ta ce haƙori yake fitarwa.

Wata safiya wata tsohuwa daga wajen Tsauni ta kawo jikanta. Ta tsaya tana kallon yadda gilashin ke kawo haske, da na gama sai ta jawo wata jikar, lafiyayya, ta ce, "Madam, duba mini wannan ma a madubin." Na yi dariya na duba. Ai aikina ke nan, duba yara. Likita yana duba majinyaci, ungozoma tana duba ciki, kowa haka yake faɗa. Sai da aka kwana biyu na gane cewa duban da nake nufi daban, wanda suke nufi daban. Ni awo nake nufi. Su kuwa duba suke nufi, irin na mai zana ƙasa, wanda ke ganin abin da bai zo ba tukuna. Labari ya bi motocin kasuwa har Yauri ta nan yankinmu cewa akwai wata Madam a Matameye mai madubi, in ta haska yaro tana ganin cikinsa da gobensa.

Me ya hana ni gyara musu tun ranar? Kalma ɗaya ta isa. In ce na yi shiru ne don yara, wannan rabin gaskiya ne. I, rumfa ta cika, matan da ke ɓoye 'ya'yansu suka fito, don "zan kai shi a duba a madubi" ba ta da kunyar "ɗana na da tamowa". Yara da yawa da ke yawo da ƙafafunsu yau ta wannan hanya suka zo. Majo, wato shugaban likitarmu, da ya ji labarin dariya ya yi, ya ce in dai madubi ke kawo su, to Allah ya ƙara wa madubi lafiya. Amma ɗaya rabin gaskiyar shi ne na ji daɗi. A kasuwa aka fara gaishe ni da suna. Matan da hira ke mutuwa in na shigo suka fara matsa mini wuri a tabarma. Inna ta fara samun baƙi saboda ni, har na taɓa jin ta ta katanga tana cewa "surukata". Wanda bai taɓa zama a garin da ba mai nemansa ba ba zai gane yadda wannan ke shiga jiki ba.

Sai ajandar ta mutu. Zafin bana ba wanda bai ji shi ba, ga wuta a kawo a ɗauke. Batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga, wata safiya na danna ta ƙi farkawa. Na gaya wa maigida, ya zaga wurin masu gyara, suka ce wa ke amfani da wannan yanzu, kowa ya koma waya. Ya ce in yi haƙuri. Na tafi aiki hannu rabbana, ina cewa ai ba komai, jadawalin kilo da tsawo yana manne a bango, kuma dama na saba bin lissafi da kaina. Mace ta farko a layi ta dubi hannuna ta ƙi kwance goyo. Ta ce za ta jira ranar da zan zo da madubin. Ina kallo wasu suka miƙe suka kama hanya, da yaran da ko daga nesa na san igiya ja za ta nuna. Washegari na saka matacciyar a aljihu.

Tun ranar haka nake yi, ya Allah ka yafe mini. In auna yaro da igiya da sikeli, in saci kallon bango, sannan in ciro ajanda in karkata ta wajen ƙirjina yadda ba mai ganin gilashin, in ɗan taɓa da tsinke, in haɗa gira, in yi shiru kaɗan. Har shirun ma na iya shi. Ni da tun ina Islamiyya aka karantar da ni hukuncin mai duba da mai zuwa wurinsa, ni da na yi shekaru ina koyon aikin ilimi, ga ni ina bokanci da farar riga. Majo bai san ta mutu ba. Ba wanda ya sani sai maigida, shi kuma bai san har yanzu ina ɗaukar ta ba.

Yanzu ga inda abin ya kai ni. Akwai wata mata, zan ce mata Baraka, daga wani ɗan ƙauye bayan Yauri. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ma mijinta yana Najeriya, kuma tun da ya tafi ba wani labari mai ƙarfi. Ranar kasuwa take zuwa da autanta, Habu, wanda bai kai yaye ba. In an tashi awo takan tsaya ta taya ni naɗe tabarmi kafin motarsu ta cika, muna hirar mazan da suka bar mu da bango. A duk garin nan ita kaɗai ta taɓa tambaya ta, "Ke fa, Madam, yaya kewa?" Ranar sai na yi kamar ƙura ce ta shiga mini ido.

Zuwanta na farko igiya ja ta nuna, amma Habu yana cin abincin gyaɗar da kyau, ba kumburi, irin yaran da ake ba ƙulli su koma gida su dawo mako-mako. Na yi wasan kwaikwayona na ciro ajanda. Ta matso kusa, ta rage murya yadda ba mai ji, ta gaya mini ta binne wansa shekarun baya da irin wannan ramar. Sannan ta ce, "Me madubin ya ce? Zai tashi?" Na dubi baƙin gilashi, ba komai a ciki sai fuskata. Na dubi tata fuskar. Na ce, "Ya ce zai tashi." Ko in sha Allahu ban saka ba, don na san in na saka za ta gane maganar mutum ce. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara goyonta, ta tafi tana ta sa mini albarka. A lokacin gani nake alheri na yi mata.

Abin da ya farkar da ni a gida ya same ni. Wata ranar hutu da hantsi ina tsince wake, Inna ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daɗe tana juya carbi, sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "'Yar nan, in ba damuwa, duba mini a abin naki ko yaron nan zai dawo bana." Ɗanta take nufi, mijina. Matar da ba ta taɓa roƙo na ko gishiri ba, abin da ta fara roƙo a wurina ke nan. Na ce mata ba a duba manya da shi, ƙarya a kan ƙarya. Na shiga ɗaki na yi alwala, na yi sallah raka'a biyu, na rantse wa Ubangijina ba zan ƙara ɗaga na'urar nan a gaban kowa ba. Amma ban iya barin ta a gida ba, a aljihu ta ci gaba da zama.

Ana haka ruwa ya sauka, ruwan shuka na farko bayan duk wannan jira. Ranar kasuwar da ta wuce Baraka ta zo a gurguje, don kowa hankalinsa na gona. Tana kwance goyo na san an samu matsala. Ƙafafun Habu sun cika, na latsa da babban yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Fatar cinyarsa ta fara saɓulewa. Na miƙa masa abincin gyaɗar ya kau da kai, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan ba yaron gida ba ne, sai an kwantar da shi a babban ɗakin yara, uwar ta zauna da shi, ƙila makonni. Na gaya mata haka ɓaro-ɓaro.

Ta ce ba za ta iya ba. Da kyar ta samu irin shuka, ba namiji a gidan, sauran yaran na hannun uwar mijinta da ba ta gani sosai, in ta bar laimar nan ta wuce baɗi ma yunwar ce, kuma ba Habu kaɗai za ta ci ba. Ba ta yi ƙarya ba ko a kalma ɗaya. Sannan ta yi murmushi, ta ce in kwantar da hankalina, ai kumburin ma alamar ya fara ƙiba ne, tunda madubi ya riga ya faɗa. Na ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Na ce, "Yaya, ni nake gaya miki, in kika koma da shi gida ina tsoron abin da zai faru." Ta ce to in ciro madubin in sake dubawa. Hannuna na kan aljihu, ina jin taurinta. Na tuna rantsuwata, na kuma dubi layin matan da suka zuba mana ido. Ban iya yin ƙaryar ba, ban iya faɗin gaskiyar ba. Na ce na manta shi a gida.

Na kira Majo ya zo ya yi ta lallashi, har ya ɗan yi faɗa. Ta saurare shi da ladabi tana "to, to". Da ya juya sai ta ɗaura goyonta, ta riƙe hannuna ta ce, "Kar ki ji haushi, Madam. In shi ya ce in kwanta, wallahi zan kwanta, ko gonar ta zama fako. Amma ke mutum ce kamata. Tausayi ne ke sa ki tsoro." Ta tafi. Majo ya girgiza kai ya ce matan ƙauye sai haƙuri, ni kuma na bar shi a haka. Na bari aka ɗora mata taurin kai, alhali ni na ɗaure ta da bakina.

Ba zan iya jiran wata kasuwar ba, ban ma san ko Habu zai kai ba. Jibi babur ɗin masu rigakafi zai bi ta wajen Yauri, na roƙi a tafi da ni, an yarda. Zan nemi ƙauyen ko da tambaya ne. Tafiyar ba ita ke damu na ba, abin da zan faɗa in na isa shi ne ya hana ni sukuni.

In na ciro matacciyar na taɓa ta da tsinke na ce madubi ya canza magana, ya ce a kwantar da shi, na san ko gardama ba za ta yi ba, za ta hau babur ɗin nan take. Yaron zai samu gado. Amma na karya rantsuwar da na yi wa Allah, na sake cewa na san gaibu, na ƙara ɗaure ta da sauran mata da igiyar da wata rana za ta shaƙe wani yaron, don gobe wata za ta zo ta tambaye ni ko nata zai tashi. In kuma na ɗora ta a tafin hannunta na ce Yaya, duba, ba komai a ciki, ta daɗe da mutuwa, ko tana da rai ma ba ta taɓa ganin goben kowa ba, to me zai sa ta yarda da maganar wadda ta yi mata ƙarya a kan ran ɗanta? Ƙila ta tsorata ta biyo ni, ƙila ta juya mini baya ta shiga gona. Kuma kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ko'ina, rumfa ta koma yadda take da, mata su koma lulluɓe yara suna cewa haƙori ne. Aikina da sunana a garin nan ban ma sa su a lissafi ba, ko da yake ƙarya nake in na ce ba na tsoron komawa 'yar birnin da ba mai yi wa magana.

Ba ni da wanda zan tambaya. In na gaya wa Majo magana ta zama ta ofis, in na gaya wa maigida zai ce shi ya jawo da ya saya mini, Inna kuwa kun ji inda muka tsaya da ita. Wadda na saba gaya wa damuwata ita ce wadda na cuta. Malamai da ke karanta shafin nan, da ma'aikatan jinya 'yan'uwana, da iyaye mata, don Allah ku ba ni amsa kafin jibi da safe. In na tsaya a ƙofar gidan Baraka ta fito da yaron nan a hannu ta ce mini "kin zo da shi?", me zan yi?